Bayanin Kwamitin Ruwa Kan Aikin Tankin Unguwa da Kuɗin Duba Walda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu, malamanmu, ’yan uwa maza da mata na unguwarmu ta Gidan Igwai da ke Sakkwato, da ’ya’yanta mazauna nesa, muna gaishe ku da girmamawa.

Tun da ruwa ya fara zuba a famfunan bakin masallaci tambaya ɗaya ke yawo a majalisu: ina sauran kuɗin, kuma me ya sa bututu bai kai layukan arewa ba kamar yadda aka yi alkawari? Kuɗin jama’a ne, kuma duk wanda ya rage daga cefanen gidansa ya bayar yana da haƙƙin ya tambaya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne maganar da wasu ke yaɗawa, wai an ƙirƙiro aikin duba walda ne don a sami ƙofar fitar da kuɗi. Wannan magana ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta komai yadda ya gudana.

Matakan farko kowa ya san su. Taron unguwa ya amince a haƙa rijiyar burtsatse, a sa mata sumo mai aiki da sola, a ɗora tankin ƙarfe mai cin lita 20,000 a kan hasumiya mai tsawon mita 9, don ruwa ya gangara da kansa har ƙarshen layuka. An haƙa rijiya, an dace da ruwa mai kyau. An sayo siminti da rodi a nan cikin gari, an zuba tushe. Aikin hasumiya kuma aka ba wani mai walda da ya daɗe yana yi wa mutanenmu ƙofofi da rumfuna, farashinsa ya fi na kowa sauƙi, kuma taro ne ya zaɓe shi. Har zuwa nan babu wanda ya yi ƙorafi.

An gama tsayar da hasumiya a ƙarshen hunturu, an ɗora tanki, an shafe ko’ina da jan fenti. Ana shirin cika shi sai ɗaya daga cikin dattawanmu, injiniya ne da ya yi ritaya, ya zo ya zagaya gindinta. Ya sa wani yaro ya hau tsani ya kankare fentin da ke kan haɗin ƙafa ɗaya da buroshin waya. Fentin na tashi sai ga ƙananan ramuka jere kamar an tsattsaga da allura, ga ɓawon walda da ba a kakkaɓe ba an bi ta kansa da wata waldar, ga kuma wani kwari da wuta ta ci a gefen ƙarfen. Nan take ya roƙi shugaban kwamiti kada a bari ɗigon ruwa ya hau sama sai ƙwararre ya duba.

A nan ne muke so a tsaya a yi lissafi tare da mu. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Lita 20,000 ke nan tan 20, ban da nauyin tankin kansa. Ƙafafu huɗu ne ke ɗauke da shi, kowace na riƙe da tan 5 ko fiye, dare da rana. Ƙarfen da muka samu a kasuwa tsawonsa mita 6 ne, hasumiya kuwa mita 9, saboda haka dole kowace ƙafa ta kasance da haɗi a jikinta, kuma duk wannan nauyi ta cikin haɗin yake bi. A ƙara da iskar farkon damina, wadda kowa ya san yadda take yaye rufin kwano a garin nan. Idan ta bugi tanki a can sama, ƙafafun gefe ɗaya su danne, na ɗaya gefen su ja. Sannan a duba wa ke ƙarƙashi. Hanyar yaran Islamiyya ce safe da yamma, kuma nan mata da yara za su riƙa layin ɗibar ruwa. Wane ne a cikinmu zai sa hannu a cika wannan tanki bayan abin da aka gani?

Mun san lokacin ya yi muni. Zafi ya shigo, ma’aunin zafi na wuce 40, ga azumi, ga masu garuwa sun ƙara kuɗin jarka, ga tanki a sama ana kallonsa babu ruwa. An gaya mana maganganu a ƙofar masallaci, mun shanye. Da tankin ya yi wata ɗaya a bushe da ya rufto kan ɗan wani, mun zaɓi na farko, kuma da za a maimaita shi za mu sake zaɓa.

Wasu sun ce don me aka ɗauko mai duba walda daga Kaduna, Sakkwato ba ta da masu walda ne? Tana da su, kuma gwanaye. Sai dai yin walda sana’a ce, duba ta kuma wata sana’a ce daban, mai na’urorinta da takardar shaidarta. Wanda muka gayyato yana da shaidar mataki na biyu a ƙarƙashin ƙa’idar ISO 9712, matakin da ke ba mutum damar fassara abin da na’ura ta nuna ya kuma rubuta rahoto. Irinsu ne ake ɗauka a manyan ayyuka kamar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Mun fara nema a gida, ba mu dace da mai na’urar a hannu cikin lokacin da muke bukata ba, sai muka nemo inda muka samu. Kuɗin motarsa da masaukinsa duk suna cikin rasit.

Aikin nasa ba a ɓoye aka yi shi ba, da yawanku kun tsaya kun gani. Da ido ya fara, da tocila da ɗan madubi da ma’aunin kaurin walda, yana bin haɗi ɗaya bayan ɗaya yana sa alama da alli. Kafin nan sai da aka kankare fentin duka, domin fenti na toshe bakin tsaga ya ɓoye ta. Daga nan ya shiga gwajin jan ruwa, wato wani ruwa mai launin ja. Ana wanke wurin da wani sinadari, a fesa jan ruwa mai shiga kowace kafa komai ƙanƙantarta, a jira kamar minti goma zuwa goma sha biyar, a goge saman tas, sannan a fesa wata farar hoda. Idan akwai tsaga, hodar za ta zuƙo jan da ya maƙale a ciki. Bayan sallar asuba yake wannan gwaji, don idan rana ta take ƙarfe yakan yi zafin da ruwan zai bushe kafin ya shiga. A haɗin ƙafar gabas, muna tsaye, farar hoda ta yi shiru na ɗan lokaci, sai wani siririn jan layi ya fara fitowa a hankali, ya miƙe ya kusa kai tsawon ɗan yatsa. Mai unguwa da kansa ya hau tsani ya gani.

Jan ruwa tsagar da ta buɗe a waje kawai yake kamawa. Don a san cikin haɗin, sai ya fito da na’urar sauti. Ana shafa wani abu mai yauƙi a jikin ƙarfe, a ɗora ɗan kan na’urar, ita kuma ta tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfen. Inda ƙarfe ya narke ya haɗe sosai sautin zai wuce, inda akwai gurbi zai dawo, a ga alamarsa ta yi tsalle a allon na’urar. A ƙafafu biyu cikin huɗu alamar ta yi ta tsalle kusan duk faɗin haɗin. Dalili shi ne ba a fere bakin ƙarafan ba kafin a haɗa su. An gwama su kai da kai ne aka bi ta sama da walda, ciki kuwa bai narke ba, kamar a yi wa bango mai tsaga yaɓe. Ramukan nan kuma ya danganta su da sandunan walda da suka sha danshi, da tsatsar da ba a goge ba, da wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka.

Akwai masu cewa tun da an fara, me ya hana a ɗauki hoton cikin ƙarfen irin na asibiti? Mun tambaya. Wannan gwaji da haske mai haɗari ake yinsa, sai kamfani mai lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, kuma sai an kori mutane daga kewayen wurin yayin aiki. A tsakiyar gidaje da makaranta ba abu ne mai sauƙi ba, kuɗinsa ma ya fi ƙarfinmu, kuma mai duban ya tabbatar mana na’urar sauti ta wadatar ga irin waɗannan haɗe-haɗe. Mun ambaci wannan ne don a san ba duk abin da aka ce a kashe muka kashe ba.

Gyaran shi ne ya ci kuɗi fiye da duban. Ba a taɓa haɗin ƙafa tanki na bisa kanta, dole muka yi hayar motar ɗaga kaya ta sauke shi, daga baya ta dawo ta mayar. An gurje tsohuwar waldar da injin gurza ƙarfe har aka kai ga lafiyayyen ƙarfe, aka fere bakin kowane haɗi, aka fara daga can ciki ana cikowa layi bayan layi, ana kakkaɓe ɓawo tsakanin kowane layi. An sayo sandunan walda masu lamba E7018, waɗanda ake ajiyewa cikin ɗan akwati mai ɗumi don kada su sha danshi, an yi hayar babban injin walda mai tsayayyar wuta, an kuma ƙara farantan ƙarfe a gefen kowane haɗi bisa shawarar dattijonmu injiniya. Ƙafafu huɗun duka aka gyara, domin hannu ɗaya ne ya yi su. Bayan an gama, aka maimaita jan ruwa da na’urar sauti, ya auna sakamakon da ƙa’idar waldar gine-ginen ƙarfe ta Amurka mai suna AWS D1.1, ya rubuta cewa sun wuce.

Bututun ƙarfe da ke saukowa daga tanki da wanda ya ratsa ƙarƙashin titi su ma an gwada su. An toshe bakinsu, an cika su da ruwa, an matsa har ƙarfin ya kai ɗaya da rabi na wanda za su riƙa ɗauka kullum, aka zuba wa allurar ma’auni ido. Haɗi ɗaya ya yi gumi, aka sake shi tun kafin a rufe rami. Da an binne shi haka, sai an fasa titi kafin a kai gare shi. Tankin kuma ba a cika shi lokaci ɗaya ba, an fara da kwata, sai rabi, sannan aka cika aka bar shi ya kwana ana dubawa.

Game da mai waldar farko, muna roƙon a daina aibata shi. Ya karɓi abin da aka nuna masa, ya sake aikin da hannunsa ƙarƙashin kulawa ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ya kuma yafe wani ɓangare na cikon kuɗinsa. Waldar ƙofa da ta hasumiya ba ɗaya ba ce, kuma yanzu yaransa sun koyi abin da zai amfane su.

Duba da gyara gaba ɗaya sun ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tara, kuma shi ne kason da aka ware wa bututun layukan arewa. Can kuɗin ya tafi. Babu ɗan kwamiti da ya karɓi kuɗin zama ko na man babur. Littafin shiga da fita, da rasit-rasit, da rahoton mai duba walda mai ɗauke da sa hannunsa, duk suna wurin ma’aji, an kuma manna kwafinsu a allon masallaci.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga mahaifinmu Alhaji, ɗan kasuwar fata, wanda ya hana a faɗi sunansa. Shi ya ɗauki nauyin haƙa rijiyar shi kaɗai, kuma ranar da aka ce sai an sauke tanki, kafin mu buɗe baki ya aiko da kuɗin motar ɗaga kaya. Allah ya sa ya tarar da shi a mizani, ya jiƙan magabatansa, ya albarkaci zuri’arsa. Haka dattijonmu injiniya, da ya yi ta wuni cikin rana yana azumi bai nemi komai ba. Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka masa da Aljanna. Iyayenmu mata masu adashi sun sadaukar da kwasa guda sukutum suka sayi allunan sola. ’Ya’yan unguwa da ke Legas da Abuja da Yamai sun aiko sau da yawa, wasunsu ma ba su taɓa ganin tankin ba sai a hoto. Muna gode wa Malam Liman da ya riƙa kwantar da hankalin jama’a a lokacin jira, da mai unguwa, da matasan da suka haƙa ramin bututu da hannunsu. Allah ya biya kowa.

Yanzu ga abin da ya rage, kuma shi ne ya fi damunmu. ’Yan uwanmu na layukan arewa sun ba da kuɗi daidai da kowa, amma har yau da jarka suke zuwa bakin masallaci, tsofaffinsu kuwa sai sun sayi ruwa. Wannan bashi ne a wuyan unguwa gaba ɗaya. Ramin yana nan a haƙe rabi, idan damina ta sauka kafin a shimfiɗa bututu ƙasa za ta cike shi a koma farko. Ana bukatar bututu da famfuna, ana bukatar fentin hana tsatsa a sake shafe hasumiya tun da an kankare na farko, ana bukatar shinge a gindinta don yara sun fara hawan tsani. Muna kuma son a ware ɗan abin da za a riƙa duba haɗin ƙafafun da shi kowace shekara kafin iskar damina.

Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai bututu ya kawo bututu, mai ƙarfi ya zo da shebur. Duk abin da aka bayar a karɓi rasit daga hannun ma’aji. Za a yi taron unguwa ranar Asabar bayan sallar la’asar a harabar Islamiyya, za a karanta lissafi layi-layi, kuma an tanadi wuri ga iyayenmu mata. Wanda ke da tambaya ya zo da ita can.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin aikin ruwa na unguwa