Wane irin zumunci Caleb Cushing ya ƙulla?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na tarihi ran Lahadi, kuma raina ya ɓaci. Kun daɗe kuna zuba wa Caleb Cushing kirari: lauya ne, alƙali ne, ya shekara 8 a majalisar wakilan Amurka, ya riƙe Antoni Janar daga 1853 zuwa 1857, ya yi jakada a Sifaniya. To, duk mun ji. Amma da aka iso kan yarjejeniyar Wanghiya da ya sa wa hannu da ƙasar Sin a madadin Amurka a 1844, sai mai gabatarwa ya ce wai ta ƙulla zumunci tsakanin Amurka da Sin, ya wuce abinsa. Zumunci?

A jirgin ruwan yaƙi fa mutumin nan ya sauka Makau da ke gaɓar tekun Sin, shekara biyu bayan Ingila ta durƙusar da Sin a yaƙin opiyam. Ya tarar da mutane a ƙasa, ya karɓi rabonsa: damar ciniki a tashoshin ruwa biyar, da sharaɗin cewa Ba'amurken da ya yi laifi a Sin, ko da kisa ne, babu alƙalin ƙasar da zai taɓa shi, sai jami'in jakadancin Amurka. Sai 1943 aka soke wannan sharaɗi.

Ni shekara 26 na yi ina magatakarda a kotu, na san nauyin "ba mu da hurumi". Har yau ina ganin wata tsohuwa da ta yi wata bakwai tana zarya kan gonar mijinta, takardunta a nannaɗe cikin leda, akuyarta ma ta sayar don kuɗin mota. Ranar da alƙali ya ce ba shi da hurumi, ni aka sa na yi mata bayani. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, to ina za ni?" Ita akwai kotun da na nuna mata. Basinen da aka kashe wa ɗa kuwa, wurin ɗan'uwan wanda ya yi kisan za a tura shi neman haƙƙi. Wannan kuka kira zumunci a gidan rediyo, yara suna ji.

Ba ku ma faɗi cewa a 1874 Shugaba Grant ya zaɓe shi Alƙalin Alƙalai ba, aka janye sunansa cikin 'yan kwanaki bayan an bankaɗo wasiƙar da ya rubuta wa Jefferson Davis, jagoran jihohin masu bayi da suka ɓalle daga Amurka, a 1861. Ko shafin ne ya ɓace muku?

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa ƙarƙashin muryar mai gabatarwa. Sai na manna rediyo a kunne nake jin shekarun, maiɗakina kuma tana ta mita na hana ta barci.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu, daga Zariya