Na Gyara Wa Mahaifina Karatu A Gaban Baƙi

Hajiya, ina gaishe ki tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Ni ɗan shekara 18 ne, ɗan ƙabilar Ibo, amma a Sabon Garin Kano aka haife ni, da Hausa na buɗe baki kafin mu koma Abuja da zama. Addinin Yahudanci muke bi a gidanmu, abin da na san zai ba wasu masu sauraronki mamaki, amma matsalar da ta sa na rubuto miki ta ɗa da uba ce, kuma na ga irinta kike warwarewa.

Mahaifina shi ya kawo addinin nan gidanmu, ba tare da ya zauna gaban wani malami ba. Daga littattafan da aka rubuta addu'o'in Ibrananci da haruffan boko ya koya, da su kuma ya yi ta jan mu ibada tun ina ƙarami. Shi ne ya sayar da filinsa ya tura ni Yuganda, na yi shekara biyu a kusa da garin Mbale, a gindin dutsen Elgon, wurin al'ummar Abayudaya. Mutanen nan sun riƙe addinin tun 1919, lokacin da Semei Kakungulu ya kafa su, kuma ko da Idi Amin ya hana su ibada a zamaninsa, akwai waɗanda suka ci gaba a ɓoye. A can na koyi karanta Attaura da haruffanta na asali, na ji ana rera Zabura da harshen Luganda, na kuma san dalilin dokoki da yawa da a da muke bi da ka.

Daren Asabar na farko bayan dawowata, wato yammacin Juma'a da rana ta faɗi, Mama ta kunna kyandir biyu, an shimfiɗa farin mayafi a kan teburi, ga baƙi huɗu da Baba ya gayyato don su ga ɗansa da ya dawo daga karatu. Ya ɗaga kofi ya fara addu'ar tsarkake ranar Asabar, ranar hutu da ibada a addininmu, sai ya karanta wata kalma ba daidai ba, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Kafin in ankara bakina ya riga ni, na faɗi daidai ɗin da ƙarfi. Baba bai ce uffan ba. Ya ajiye kofin a hankali, ya rufe littafin, ya turo mini shi ta kan teburi, ya ce, "Malam, bisimilla." Na ƙarasa addu'ar muryata na rawa, Mama kuwa ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Yau wata uku ke nan bai sake jan ibada ba. Yana amsa gaisuwata, yana ba ni kuɗin mota, amma hirar da muke yi a ƙofar gida bayan cin tuwo ta mutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a can ɗin ma an koya mana cewa ɗa ba ya ce wa ubansa ya yi kuskure, sai dai ya kawo maganar ta hanyar tambaya, kamar mai neman sani. Na haddace wannan, na ci jarrabawa a kansa, ranar da ya kamata in yi aiki da shi kuma na manta.

Na ba shi haƙuri sau biyu, ya ce ba komai, irin "ba komai" ɗin da ke nufin akwai komai. Ga shi kuma akwai sauran abubuwa da nake gani a gidan, kamar dafa nama a tukunyar da aka dafa madara, waɗanda na san ba haka dokar take ba, amma yanzu tsoron buɗe baki nake yi.

Hajiya, yaya zan yi in mayar masa da littafin nan hannunsa ba tare da ya ɗauka tausayinsa nake ji ba? Shin in nemi wani dattijo daga majami'armu ya shiga tsakani, ko hakan zai ƙara tona abin da yake so a rufe? Kuma sauran gyare-gyaren, in haɗiye su har zuwa yaushe?

Ɗanki mai sauraronki,
daga Abuja.