Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Taro: Maganar Baƙin Tayil da Baƙin Get

Assalamu alaikum iyayenmu dattawan unguwa, malamai, da duk waɗanda suka sa hannu a wannan aiki.

Alhamdu lillahi, gyaran ɗakin taro ya kammala. An sauya kwanon da ke yoyo, an sake silin, an yi wa bango sabuwar filasta da fenti, an ɗaga dakalin ƙofa saboda ruwan damina. Lissafin kuɗi da rasit suna hannun ma'aji, duk mai son dubawa ya same shi. Abin da za mu ɗan tsaya a kai shi ne maganar baƙin launi, domin ita ta jinkirta sayen kaya, kuma mutane da dama sun tambaye mu dalili.

Shawarar da aka yanke tun farko ita ce a manna baƙin tayil a gindin bangon gaba, inda ruwan indararo ke fantsama, a kuma yi wa get da ƙarafan tagogi baƙin fenti, su tafi tare. Wani ɗanmu da ya karanci zanen gini ya fitar mana da surar ɗakin a kwamfuta da manhajar Blender, bai karɓi ko sisi ba, Allah Ya yi masa albarka. Ya je shago ya ɗauki hoton tayil ɗin da waya, ya shimfiɗa shi a jikin bangon zanen. Ranar da aka nuna wa jama'a, sai ga get baƙi wuluk kamar bakin rijiya, tayil kuma ya fito toka-toka kamar an barbaɗa masa gari. Wasu dattawa suka ce ba wannan suka zaɓa ba, kuma gaskiyarsu ce, abin da idonsu ya gani ke nan. Muka dakatar da saye har a gano inda gizo ke saƙar.

Da mai zanen ya zauna da mu, ga abin da muka fahimta. Kwamfuta tana ƙirga kowane launi da lambobi uku, na ja, na kore da na shuɗi, daga 0 zuwa 255. Shi kuwa ya sa wa get 0, 0, 0, wato baƙin da ba ya mayar da haske ko kaɗan. Babu irin wannan a kayan gini. Gawayi kansa da sabuwar kwalta suna mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansu, wanda a wancan ma'aunin na 0 zuwa 255 ya kai wajen 56. Get ɗin zane ya fi duk wani fentin kasuwa duhu.

Tayil kuma an yi masa akasin haka. Kyamarar waya idan ta fuskanci abu mai duhu sai ta ƙara haske da kanta, ga ƙyallin fitilar shago ya zauna a cikin hoton, sannan manhajar ta ƙara masa hasken ranarta a kai. Akwai kuma wani kuskure ƙarami mai babban tasiri: hotunan waya galibi suna zuwa ne a tsarin launi na sRGB, wanda allon kwamfuta ya saba amfani da shi, amma an bar manhajar tana karanta hoton kamar ba na launi ba, shi ya sa ya ƙoɗe.

Gyaran bai ci kuɗi ba, haƙuri ya ci. An sayo tayil guda ɗaya, an ɗauke shi hoto a inuwa, a gefensa an ajiye katin nan mai ruwan toka na masu ɗaukar hoto, mai mayar da kashi 18 na haske, wanda ya kamata ya karanta wajen 118. Da shi aka daidaita hoton, aka ɗaga lambar get daga sifili. Nan take zanen ya zauna, baƙaƙen biyu suka zama 'yan gida ɗaya.

Duk da haka kwamiti bai yarda ya sayi fenti da shaidar allo kaɗai ba. Mun koma ga kundin launuka na RAL, wanda Jamusawa suka kafa tun 1927, muka sa aka haɗa mana 9005, baƙi ƙirin, da 7021, baƙi mai ɗan toka. Mai walda ya shafa kowanne a guntun ƙarfe, muka jingina su da tayil da hantsi, da azahar, da la'asar. 9005 ya yi kyau a inuwa, amma da rana ta take sai ya sa tayil ya zama kamar tsoho. Muka zaɓi 7021. Wani dattijo ya ƙara mana hujjar da babu ita a kwamfuta: da hunturu ya shigo, ƙura ta fi tona asirin baƙi ƙirin.

Takardar zanen da aka buga aka liƙa a bango mun cire ta, domin tawadar injin bugawa ta ba da nata baƙin daban, kada ta sake jawo ruɗani.

Ragowar fenti da tayil suna sito. An rubuta lambar 7021 a jikin galan da kuma cikin littafin kwamiti, an ajiye guntun ƙarfen gwaji tare da su, domin wanda zai yi faci nan gaba. Muna roƙon matasa masu shara su riƙa goge tayil da jiƙaƙƙen tsumma kawai, ban da soson ƙarfe.

Wassalamu alaikum.
Sakatare, a madadin kwamiti.