Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Tarukan wata-wata an yi su yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage. Masu zuwa su ne dai waɗanda kuka sani.

Da maganar kuɗi zan fara, domin duk sauran a kanta suka rataya. Kuɗin wata-wata da muka yanka da bakinmu a babban taro, waɗanda suka biya shi har ƙarshen shekara ba su kai rabinmu ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin ƙaramar Sallah, akwai wanda sunansa kawai muke gani a rajista. Ni da ma'aji mun kira waya, mun bi mutane wurin aikinsu, mun yi ta tunatarwa a zauren WhatsApp har wasu suka ce mun cika naci. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na ji a jikinsa, kuɗin mota daga Sabon Gari zuwa Shika ma ya zama abin lissafi. Amma ɗalibanmu, da ba su da albashi, su ne suka fi kowa biya a kan kari. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Babban aikin da muka ɗauka bana, wato tara hotunan mamogiram (hoton mama na asibiti) na matanmu domin koya wa kwamfuta tantance ɗigon kalsiyam masu shakku da kan iya zama alamar sankarar mama, bai kammala ba. Na ji ana ta magana a kai, don haka bari in yi bayani. Hoton mara lafiya ba abin da ake kwafa a filashi a tafi da shi ba ne. Sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2023. Dole a goge suna, lambar kati da duk wata alama da za ta nuna mai hoton, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, kuma tana cin lokaci. Bayan nan kowane hoto sai likitan hoto ya zauna ya kewaye inda ɗigon suke, a haɗa shi da sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba, domin da wannan sakamakon ne kwamfuta za ta san wanne ne daji, wanne ne ba shi ba. A nan muka fi cijewa. Mata da yawa ba sa dawowa a ɗibi tsokar, wasu a wani gari suke yi, wasu sakamakon yana cikin fayil ɗin takarda sai an tono. Cikin likitocinmu da suka ɗaga hannu za su ba da yammacin Asabar, biyu ne suka riƙe alkawari. Kwamfutar da muke aiki da ita aro ce, faifan ajiyar da muka sa a kasafi ba a saya ba saboda babu kuɗin, ga wuta da kuka san halinta.

Wasu sun ce me ya sa ba za mu ɗauko abin da Turawa suka riga suka gina mu huta ba. Mun ɗauko, da shi ma muka fara. Rumbun CBIS-DDSM na Amurka yana da hotunan mata 753 masu ɗigon kalsiyam, amma tsofaffin fina-finan hoto ne da aka mayar na kwamfuta. INbreast na Fotugal mata 115 ne, hotuna 410. VinDr-Mammo na Biyetnam ya kai gwaji 5,000. Babu macen Zazzau ko ɗaya a cikinsu. Sanannen abu ne cewa manhajar da ta yi koyo a kan wata na'ura da wasu mutane takan yi rauni idan aka kawo ta wani wuri, kuma matanmu galibi da ƙuruciyarsu cutar ke kama su, lokacin da naman mama ke da kauri, farin ɗigo ya saje da farin nama.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai. Taron watan Oktoba, watan faɗakarwa kan sankarar mama, ya fi duk abin da muka taɓa yi. Zauren da aka ba mu aro a Tudun Wada ya cika tun kafin ƙarfe goma, sai da aka ƙaro benci daga maƙwabta. Da safe na ma'aikatan lafiya ne da ɗalibai. Ɗaya daga cikin likitocin nan biyu ya haska hoto a bango, ya nuna ɗigon, farare ƙanana kamar an barbaɗa gishiri a kan baƙin mayafi, yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Ya bi su da siffa da yadda suke zama: masu zagaye da suka warwatsu ba su cika zama matsala ba, amma sirara masu rassa da suka jeru suna bin hanyar bututun nono, su ne ke tayar da hankali, domin sau da yawa da su ake fara gane dajin da bai riga ya fita daga cikin bututu ba. Sannan ya zo kan abin da ya haɗa mu tun farko. A ma'aunin BI-RADS, wanda likitocin hoto ke auna haɗarin abin da suka gani da shi, mataki na 4 ya kama daga sama da kashi 2 har zuwa ƙasa da kashi 95 cikin ɗari na yiwuwar daji. Faɗin ya yi yawa. Shi ya sa akasarin matan da ake ɗibar wa tsoka saboda waɗannan ɗigo, a ƙarshe lafiya lau ake samun su, bayan sun sha fargaba sun kashe kuɗi.

Daga nan ɗalibanmu na sashen kwamfuta suka kunna ɗan abin da suka horar da hotunan waje. A haska hoto, jama'a su faɗi ra'ayinsu, sannan a ga na kwamfuta. A wani hoto ta zana ja ta ce akwai haɗari. Hajiya, uwar ƙungiya, wadda ta fi mu duka daɗewa a ɗakin hoto, ko gilashinta ba ta gyara ba ta ce layi biyu ne a jere, jijiyar jini ce ta tsufa, ba komai. Haka kuwa yake a bayanin hoton. Zaure ya ɗauki tafi. Hoto biyu bayan nan kuma kwamfutar ta kewaye wani ɗan gungu can kusa da hammata da kusan dukanmu muka wuce shi, sai da aka ƙara girman wurin muka gani. Na ga manyan ma'aikata sun taso daga kujera sun matso bango. An ambaci gwajin MASAI na Suwidin da aka fitar a 2023, mata kusan 80,000, inda karatun hoto da taimakon ƙirƙirarriyar basira ya gano ƙarin daji da kusan kashi 20, ya kuma rage wa likitoci aikin karatu da kashi 44. Suwidin kenan, mai yalwar likitoci. Mu da likitan hoto ɗaya ke ɗauke da aikin mutum da yawa, mun fi su buƙata.

Bayan azahar mata suka shigo, daga Islamiyoyin cikin Birni, da zumuntar mata daga Wusasa, wasu da goyo. 'Yan uwanmu mata ne suka yi musu bayani, maza muka koma waje. Abin da ya fi kama su, kamar yadda aka faɗa mini, shi ne jin cewa waɗannan ɗigo hannu ba ya jin su, sikanin ma ba ya cika nuna su, sai mamogiram. An kuma ja musu kunne kada su shafa hoda ko man hammata ranar hoto, domin yakan fito a hoton tamkar ɗigon gaske. Tambayoyi ba su ƙare ba har la'asar sakaliya. Abinci da ruwa wasu iyayen ƙungiya ne suka ɗauki nauyi daga aljihunsu, Allah ya saka musu da alheri. Wasu mambobi kuwa da ba mu gan su ranar ba, su ne suka fara yaɗa hotunan taron.

Takardar faɗakarwa ta Hausa da Ajami an rubuta, an duba, tana jiran kuɗin bugu. Ziyarar da muka shirya kai wa Giwa da Soba ba ta yiwu ba, dalili ɗaya ne.

A taron Janairu kwamiti zai kawo shawarar a dakatar da duk wanda ake bi bashin wata shida daga jefa ƙuri'a har sai ya biya. Muna kuma neman likitocin hoto uku da za su sa hannu a rubuce cewa za su ba da Asabar biyu a wata. Mai son biyan bashinsa kashi-kashi ya ga ma'aji kafin ranar, an buɗe wannan ƙofa.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya, Zariya