Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu kan gonakin bakin fadama

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ka san maganar gonakin da aka yanka wa matasa a bakin fadama. A watan Maris aka je duba filin, tsakiyar rani, ƙasa ta bushe har ta tsattsage, sai aka ce ai wurin masara ne, aka raba iri da taki. Da marka ta kankama a Agusta, ruwa ya kwanta tsakanin kunyoyi, masara ta yi rawaya, saiwa ta ruɓe. Yaran nan bashi suka ci suka yi huɗa.

Abin da ke ƙona mini rai, ƙasar ba ta ɓoye komai ba. Da wani ya sa fartanya ya tona ko kamu ɗaya ne, da ya gani da idonsa. Jar ƙasar tudu, sinadarin ƙarfen da ke cikinta ne ya sha iska ya yi tsatsa. In ruwa ya daɗe a kwance iska ta ƙare, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sukan narkar da ƙarfen nan, ruwa ya kwashe shi, a bar laka mai ruwan toka. Da kaka ruwa ya ja baya, iska ta bi ramukan tsofaffin saiwoyi, sai ka ɓare hoge ka tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa da siraran layuka ja a cikin tokar. Rani ba ya goge wannan shaida. In tokar na daf da sama, to nan ruwa yake hawowa duk damina, wurin shinkafa ne, ba na masara ba. Tsofaffin manomanmu sun san haka, amma ba wanda ya tambaye su.

Masana ƙasa ma ba nesa suke ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya take, cikin jiharmu ta Kaduna.

Lokacin neman ƙuri'a ka tsaya a gabanmu ka ce malaman gona za su dawo ƙauyuka. Ina suke, ranka ya daɗe? Don girman Allah, kafin a sake raba iri bana, ka tura su su haƙa rami a kowace gona su duba launin ƙasa. Inda toka ta fito da wuri a ba da irin shinkafa. Magudanar ruwa ma tana jira, amma a fara da tonon, tun ruwan farko bai sauka ba.

Naka,
Wani manomi daga yankinka