Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Matasa Masu Ƙera Ƙananan Rokoki

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana, abin da aka tattauna yana cikin littafin ƙungiya.

Abin da ya fi faranta mini rai a bana shi ne ranar harbin sababbin shiga. Yaran da suka zo mana ba su san bambancin injin A da na C ba (haruffan da ke nuna ƙarfin inji), sai ga kowannensu a fili riƙe da rokar da ya haɗa da hannunsa, jikinta na kwali, fikafikanta na katakon balsa mara nauyi, laimar da ke sauko da ita a hankali a naɗe a ciki. Babu wadda muka bari ta hau sandar harbi sai da aka sa mata inji, aka ɗaura igiya daidai inda nauyinta ya daidaita, aka wulwula ta kamar majajjawa. Wadda ta miƙe da hanci a gaba ta tsallake. Wadda ta yi ta juyi an ƙara mata yumɓu a hanci, domin dole cibiyar nauyi ta kasance gaba da inda iska ke danna roka da aƙalla faɗin jikinta.

Da injin B6-4 muka yi aiki. Da kunnena na ji wata ƙanwarmu tana yi wa mahaifinta bayani cewa B ya ninka A ƙarfi, 6 matsakaicin turi ne a ma'aunin Newton, 4 kuma daƙiƙoƙin da ake jira bayan wuta ta mutu kafin laima ta fito. Kowa ya ja baya mita 5, aka ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, aka kunna da batir. Da wata roka ta ƙi tashi, aka zare makullin akwatin kunna wuta, babu yaron da ya motsa sai da daƙiƙa 60 ta cika, ba tare da wani babba ya daka tsawa ba. Wannan natsuwar ta fi mini duk nisan da rokokin suka yi. Masu auna kusurwa ma sun lissafa tsawon tashi a takarda, har da waɗanda suka ce ba sa son lissafi. Allah ya saka wa 'yan kwamitin horarwa da alheri.

Na san ana ƙorafi kan harbi na biyu da aka soke. Ba sakaci ba ne. Iska ta wuce kilomita 32 a awa, kuma dokar kariya da muke bi ta hana harbi a haka. Da muka sake sa rana, filin da aka samu bai kai mita 120 a kowane gefe ba, abin da injin C ke buƙata ke nan, ga busasshiyar ciyawa ta cika shi.

Roka mai hawa biyu kuwa tana nan a kwamfuta. An gama zanenta a OpenRocket, manhajar zana roka da gwada ta, gwajin ya nuna za ta tashi daidai, amma babu kuɗin injuna da na na'urar auna tsawo. Dalili ɗaya ne: kuɗin wata-wata ba ya shigowa. Ni da ma'aji mun gaji da bin mutane da kira da saƙo. Wasu sunansu kawai ke cikin rajista, ba sa zuwa taro, ba sa zuwa aikin haɗi, amma ranar harbi su ne a sahun gaba da wayoyinsu. Gam da takardar da ke kare laima daga ƙonewa, daga aljihun mutane ƙalilan suka fito duk shekara.

Masu cewa mu haɗa albarushi da kanmu tunda babu kuɗi, amsar kwamiti ba ta sauya ba: a'a. Injin da kamfani ya ƙera aka tantance shi kaɗai za mu sa a gaban yaran mutane. Kafin asusu ya farfaɗo, sababbin shiga za su ci gaba da rokar ruwa, ta gorar roba da famfon keke.

Ma'aji zai karanto sunayen waɗanda ake bi bashi a babban taro mai zuwa, mai son kauce wa hakan ya same shi kafin ranar. Muna kuma neman mutum biyu da za su gyara akwatin kunna wuta, wayoyinsa sun fara saki.

Nagode,
Sakataren ƙungiya