Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Ce Ban Karanta Ba

Malam, assalamu alaikum.

Tambayarka ta iso gare ni, kuma tun da a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa. Ka ce littattafai 5 ɗin nan da na ba matasa shawarar su karanta, wato Shaihu Umar, Ruwan Bagaja, Alhaki Kwikwiyo, So Long a Letter da Turmin Danya, anya na karanta su kuwa, ko sunayen da na ji ana ambata ne na tsinto na jera? Ka ƙara da cewa wadda ta san darajar Shaihu Umar ba za ta ajiye shi kusa da "littafin soyayya" ba.

Maganar farkon ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Fiye da shekara 30 na yi ina koyar da adabi, ka kuma sani, domin ƙannenka biyu sun zauna a ajina. Ga Shaihu Umar ɗina nan a gabana. Bangonsa ya rabu da jikinsa tuntuni, da zare da allura na ɗinke shi, gefen shafukan duk zanen fensir. Buɗe wajen da uwar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, za ka tarar takardar ta yi laushi don yawan taɓawa. Nan nake tsayawa duk shekara in ɗaga kai, in ga aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi ne don gasar rubutun ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934, shekara ɗaya da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Duk wanda ya taɓa jin ina karanta wa yara yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja ke yi wa juna mugunta suna ramawa, ba zai yi mini tambayar da ka yi ba.

Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Ka karanta Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ka kira littafin soyayya? Ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, mai 'ya'ya 9, wadda mijinta Alhaji Abdu ya ƙi ci da ita ya ƙi sha da ita, ya yi amarya, ya kore ta da 'ya'yanta. Ta koma sayar da abinci tana biyan kuɗin makarantarsu. Akwai soyayya a ciki, ta 'yarta Saudatu, kamar yadda take a kowane gida, amma ƙashin bayan littafin uwa ce da ta ƙi barin 'ya'yanta su tagayyara. To uwar Umar fa, me ya fitar da ita daga gida? Shi ya sa na haɗa su. Shi ya sa kuma na ƙara da So Long a Letter na Mariama Bâ ta Senegal, wanda ta rubuta da Faransanci ya fito a 1979, inda Ramatoulaye ke zaune cikin takaba tana rubuta wa aminiyarta yadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Abin da nake dubawa a littafi shi ne ko zai sa yaro ya shiga zuciyar wani mutum, ya fito yana ganin uwarsa da maƙwabciyarsu da wani ido.

Cewa na sa littafin ƙasar waje, ai ba a hana mai kishirwa shan ruwan rijiyar maƙwabta. Cewa biyar sun yi kaɗan, yaron da bai taɓa gama littafi ɗaya ba, biyar sun ishe shi farawa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kuwa, ko kai ba ka yi jayayya a kansa ba.

Akwai abin da ba ka faɗa wa jama'a ba. Bara ka aiko mini da littafinka. Na karanta shi daga bango zuwa bango, na kira ka mu biyu na gaya maka cewa mutanen cikinsa ba su da jini a jika, kowa ya buɗe baki sai wa'azi. Na rufa maka asiri a lokacin. Ba ya cikin jerin, kuma zuciyata ta ba ni cewa wannan ne ya haifi tambayarka.

Abin da ya fi damuna ya wuce ni da kai. Mun daɗe muna yanke wa littafi hukunci daga hoton bangonsa, musamman in sunan mace ne a kai. A 2007 an tara littattafan Hausa an banka musu wuta a gaban 'yan makaranta, ban kuma ji an tsaya an tace tsaba daga tsakuwa ba. Na yarda akwai na banza a cikin abin da ake bugawa, na karanta da yawa na jefar. Amma sai da na karanta kafin in jefar. Sannan mu ne muke kuka yara sun daina karatu, sun rungumi waya.

Wata ɗalibata, wadda ko littafin aji ba ta buɗewa, na ba ta aron Alhaki Kwikwiyo ranar Alhamis. Ranar Litinin ta dawo da shi a nannaɗe cikin leda kada ruwa ya taɓa shi, idanunta jajir, ta ce, "Malama, akwai wani irinsa?" Shaihu Umar na miƙa mata.

Alhaki Kwikwiyo yana nan a jerin, ba zan cire shi ba. Ina da kwafi biyu. Aiko yaro ya karɓar maka ɗaya, in ka gama ka faɗa mini shafin da ya ɓata tarbiyya.

Wassalam,
Tsohuwar malamar ƙannenka